Igiyar da Aka Saya da Bijimi

Akwai wata tsohuwar rijiya a hanyar Buji da har yau ake ce wa Rijiyar Sharhabilu, kuma duk sanda na ji an faɗi haka sai raina ya ɓaci. Malam Sharhabilu, Allah ya jiƙansa, ko cikin tafin hannu bai taɓa kwasar ƙasar rijiyar nan ba. Wanda ya haƙa ta kakana ne, mahaifin uwata, Idirisu, wanda kowa ya sani da Ɗan'inna. Na tashi na same shi tsoho, gajere, mai faɗin ƙirji, ga hannu duk kanta. Yana ce mini amarya, ni kuma ina ce masa mijin da ba ya cefane. Labarin nan rabi daga bakinsa na ji, rabi daga bakin matarsa Iya Gaji. Inda suka saɓa na Iya nake ɗauka, domin shi in labari ya yi masa daɗi ba ya jin nauyin ƙara gishiri.

A Limawa aka haife shi, gidan malamai kaka da kakanni. Yayyensa uku duk sun sauke, shi kuwa izu biyar suka gagare shi. In aka zaunar da shi da allo, kafin a ankara ya juya alƙalami ya fara tonon ƙasa, in aka ɗaga bulala ya ruga bayan uwarsa, shi ya sa sunan Ɗan'inna ya bi shi har kabari. Ran da akuyar liman ta faɗa wani rami da ya tona a bayan masallaci, mahaifinsa bai doke shi ba. Ya dai dube shi ya ce, "To, kowa da kiwon da ya karɓe shi." Washegari ya kama hannunsa ya kai shi wurin masu haƙar rijiya.

Aikin ba shi da wuyar faɗa. Ana gitta gungume a bakin rami, a ɗaura wa mutum igiya a ƙugu da cinya, mutum huɗu su riƙe, a zura shi a hankali da dagi a hannu. Yana sara yana cika kwando, ana ja ana juyewa. Ƙasarmu ruwa na da nisa, sai a yi gaba goma sha biyar, wani wurin ashirin, ba a ga danshi ba. Daga can ƙasa, in ji kakana, sama ba ta fi faifai ba. Duk abin da ke tsakanin mutum da lahira igiya ce, kuma ba mai shiga ne ke zaɓar ta ba, mai aikin ne ke bayarwa.

Lokacin Turawa ba su fi shekara ashirin da zuwa ba, suna son rijiyoyi a kan hanya saboda 'yan alaro masu dakon kaya da masu kora shanu. Aikin duk na wajenmu ya faɗa hannun Malam Sharhabilu, wani falke mai jakuna, wanda bai san dagi ba amma ya san ƙofar da ake durƙusawa. Mutum ne mai jiki, mai son babbar riga, mai yawan salati a gaban mutane. Rowa kuwa, Allah ya yi masa ita ba da wasa ba. Igiya ɗaya ya ba su, ta rama, wadda ya gama ɗaure kayan jakuna da ita. In ta tsinke a ƙulla, in ta sake tsinkewa a sake ƙullawa. Kakana har suna ya raɗa wa ƙulle-ƙullen. Akwai ƙullin Sallah, akwai ƙullin da kura ta yi kuka, akwai wani da yake ce wa surukata, don in ya zo wucewa kan gungume sai ya tsaya ya yi gardama.

Suna dariya, amma abin ba na dariya ba ne. A cikinsu akwai wani Bafulatani, Bubayero, wanda annoba ta share masa garke ya shigo aikin rami don ciyar da iyali. Wata Talata igiyar ta rabu da shi a gaba shida. Bai mutu ba, amma ƙugu ya karye, mai ɗori ya yi iya yinsa, mutumin bai ƙara tafiya ba sai da sanda biyu. Malam Sharhabilu ya aika masa da ƙwaryar fura, ya ce a gaya masa ƙaddara ta riga fata. Aka ƙulla igiya aka ci gaba da aiki. 'Yan uwan Bubayero dai ba su sha furar sun yi shiru ba, suka yi ta kai kuka daga wannan zaure zuwa wancan, har magana ta isa kunnen Baturen da ke duba rijiyoyi. Ba wanda ya iya sunansa, Mai Lofe ake ce masa, don lofen ba ya barin bakinsa ko yana kan doki.

Bayan wata guda sai ga masinjansa, wani dogon mutum mai suna Jaji, wanda shi ne kuma tafinta. Ya tara mutane a ƙofar dagaci ya faɗi sabuwar doka. Duk wanda aka ba aikin rijiya, shi zai ba ma'aikata igiya, kuma ta kanti, irin mai kaurin damtse, ba ta rama ba. In igiya ta tsinke da mutum, ba za a tambayi wanda ya faɗa ba, ba za a tambayi masu riƙo ba, mai aikin za a kama.

Malam Sharhabilu ya ce, "Malam Jaji, ban gane ba. Ina zaune a inuwa, mutum ya faɗa rami, a ce ni? To ƙaddara fa, soke ta aka yi?"

Jaji ya ce, "Ba a soke ba, Malam. Bature ya ce ƙaddara tana nan yadda take, amma igiya taka ce."

Ba yadda ya iya. Ya sayar da bijimi guda, aka yo masa saƙon igiya daga Kano a kan raƙumi. Ran da ta iso mutanen unguwa suka yi ta zuwa kallo, fara sol, tana wani wari na baƙon abu, mutum biyu ke ɗaukar ta. Kakana ya ce ya shafa ta ya ji hawaye na neman zubo masa, ya tafi gida ya gaya wa Iya Gaji cewa daga yau ta daina tsayuwa a bakin ƙofa tana jiran mugun labari. Ya yi gaggawar magana. Washegari da suka je wurin aiki, tsohuwar igiyarsu suka tarar a kan gungume, da surukata da duk danginta.

Sabuwar ba ta fito ba sai ran da Mai Lofe ya zo rangadi. Da safe Malam Sharhabilu ya sa aka shafe ta da jar ƙasa don ta yi kama da wadda ke shan aiki, aka jefa tsohuwar bayan wata ɗinya, aka ɗaura wa kakana sabuwar aka zura shi. Ya ce tun da ya fara aikin rami ranar ce kaɗai ya sauka bai karanta komai ba. Ba ƙara, ba karkarwa, ba tsayawa a gungume. Har waƙa ya yi a ƙasa. Bature ya leƙa, ya ja igiya, ya gyaɗa kai, ya yi rubutu a ɗan littafinsa, ya hau doki. Bai ɓace daga gani ba aka fito da kakana, aka kwance igiyar daga ƙugunsa, aka wanke ta, aka shanya.

Kakana ya durƙusa ya ce, "Maigida, da an bar mana ita ko zuwa damina."

Malam Sharhabilu ya ce, "Igiyar Bature ce. Kai Bature ne?"

Nan ne fa ya yi wautar da nake so ku ji. A gidansu, tun zamanin hare-hare, abu mai daraja ba a rataye shi. Randa ake samu a zuba wuri, kuɗin wancan zamani, a ciki, a liƙe baki da yumɓu, a binne a ɗakin maigida, a yi daɓe a kai. Haka ya ga ubansa ya yi, haka kakansa ya yi, kuma ko bayan shekara goma aka tona, wuri na nan ƙal. To abin da aka saya da bijimi ai dukiya ne. Ya naɗe igiyar nan ya cusa a babbar randa, ya liƙe, ya binne a turakarsa, ya shimfiɗa buzun sallarsa a kai. Bai tsaya ya tuna cewa wuri gara ba ta cinsa, igiya kuwa tuwonta ce.

Mai Lofe ya tafi ƙasarsu hutu, aka ce rashin lafiya ta riƙe shi can. Wanda ya riƙe masa aiki ba ya son hawan doki, bai taɓa leƙo mu ba. Damina biyu ta wuce igiya na cikin ƙasa. Su kakana suna ta sauka da tsohuwar, wadda dama ta riga ta yi damina biyu a hannunsu, ƙulli na ƙaruwa. Za ku ce me ya hana shi barin aikin. Gonarsa yashi ce, 'ya'ya uku, ga Iya Gaji da cikin uwata, kuma duk ƙasar ba mai ba da aikin rijiya sai mutum ɗaya. A lokacin ne suka fara wannan ta hanyar Buji, har suka kai gaba goma sha takwas.

Ran nan da hantsi sai ga Jaji, ya ce Mai Lofe ya dawo, gobe da safe yana nan. Malam Sharhabilu ya kira kakana, tun da shi ne gwanin tono, ya ce ya fasa daɓe ya fito da randa. Ya tona, ya ɓalle yumɓun. A ido igiya lafiya lau, sai dai ta yi ɗan duhu. Amma da ya ɗaga sai ya ji ta taso masa shi kaɗai, abin da mutum biyu ke nishi a kai. Ya duba gindin randar ya ga ta tsage. Ya danna igiyar da babban yatsa, yatsan ya shige, gari ya zubo. Gara ta bi ta ciki ta cinye, ta bar fatar waje tana kyau.

Ya ce, "Maigida, igiyar nan ba ta da lafiya. Gara ta shige ta."

Malam Sharhabilu yana daga bakin ƙofa, ko matsowa bai yi ba. Ya ce, "Igiyar da aka saya da bijimi? Sau ɗaya aka yi aiki da ita. Kai dai bakinka ba ya faɗin alheri. Ka shafa mata ƙasa, gobe kai za ka shiga."

"Maigida, don Allah ko taɓa ta ka yi ka ji."

"Na ce gobe kai za ka shiga. In ba ka so, ga hanya nan, masu so suna da yawa."

Kakana ya koma gida ya gaya wa Iya Gaji. Ta ce tana tsaye da muciya a hannu, sai da ta zauna. Ta ce masa, "Malam, ka tashi yanzu ka tafi Jahun wurin yayana, ka kwana biyu. In an tambaya in ce ciwon ciki ne." Ya ce in ya tafi wani za a ɗaura wa, kuma duk cikinsu ba wanda bai ci tuwo a gidan nan ba. Ta ce to ya je ya faɗa wa Bature gaskiya. Ya yi dariya ya ce talaka ba ya magana da Bature sai ta bakin Jaji, bakin Jaji kuwa Malam Sharhabilu ya daɗe da shafa masa mai, ƙara ba za ta wuce ta nan ba. Iya ta ce tsoro ya kama ta ƙwarai, ta fara kuka. Shi kuwa yana kallon dabinon da ke tsakar gida, can sai ta ga yana murmushi, irin murmushin da ta sani ba na alheri ba ne. Ya ce, "Ƙara ba za ta wuce ba. Amma yabo zai wuce."

Bayan la'asar ya cika ɗan kwando da dabino ya nufi zauren dagaci inda aka sauki Jaji. Ya gaishe shi, ya ajiye dabino, suka taɓa hira. Can ya sunkuyar da kai ya ce akwai abin da ke damunsa, wato alherin maigidansu da ba wanda ya sani. Ya ce tun ran da aka kafa dokar nan, kullum safiya Malam Sharhabilu ba ya yarda ɗan kowa ya shiga rami sai shi da kansa ya fara sauka har ƙasa ya gwada igiya. Ya ce mutum ne mai kunya, ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba, in an tambaye shi ma musu zai yi. "Amma Malam Jaji, ai bai kamata irin wannan ya ɓuya wa Bature ba."

Jaji ya ji daɗi, baki har kunne. Dama an sallame shi ne don ya faɗi alherin Malam Sharhabilu, kuma ya daɗe yana lalube bai samu na faɗa ba. Ga shi an kawo masa har ɗaki, da dabino.

Washegari mutane suka cika bakin rijiya, da dagaci da dattawa, mata na leƙe daga nesa, Iya Gaji a cikinsu da tsohon ciki. Malam Sharhabilu ya sha babbar riga mai aska, ya naɗa rawani, igiya na kan gungume an shafe ta da ƙasa. Mai Lofe ya sauka daga doki, ya nufo shi kai tsaye ya kama hannunsa yana girgizawa, yana ta magana. Jaji ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. Ya ce Bature ya ce ya zaga ƙasa da yawa bai taɓa jin mai aiki irin wannan ba, wanda ke fara sa ransa kafin na yaransa. Ya ce zai rubuta sunansa ya aika Kano. Amma yana so ya gani da idonsa, don ya faɗa wa sauran masu aiki ya ce ya gani.

Dattawa suka ɗauki "madalla, madalla." Wani maroƙi da ya biyo hayaniya ya fara zuba kirari. Malam Sharhabilu ya buɗe baki ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ba haka..." Jaji ya yi dariya ya ce wa Bature dama an gaya masa zai yi musu saboda kunya. Bature ya ƙara jin daɗi, ya dafa kafaɗarsa. To ku gaya mini, babban mutum, an yabe shi a gaban dagaci da mata da maroƙi, ta ina zai fara cewa ƙarya ne, ni ban taɓa ba? Ya waiwaya yana neman wanda ya ƙulla masa wannan, idonsa ya faɗa kan kakana, wanda ke durƙushe yana gyara igiya kamar bai san ana yi ba.

Aka tuɓe rawani, aka tuɓe riga, ya rage daga shi sai wando da 'yar shara, tumbi a waje. Kakana ya zo ya zagaya masa igiya a ƙugu cikin ladabi. Malam Sharhabilu ya leƙa ramin, ya ja baya. Wanzami dai ba ya son jarfa. Sai a lokacin ya kama igiyar da hannunsa, abin da aka roƙe shi jiya ya ƙi. Ya danna. Yatsa ya shige. Gumi ya karyo masa.

Ya yi ƙasa da murya ya ce, "Ɗan'inna, gara."

Kakana ya ce, "Haba maigida, igiyar da aka saya da bijimi?"

"Ka rufa mini asiri, don Allah don Annabi."

"To, tamu tana can bayan ɗinya. A ɗauko a haɗa maka?"

Malam Sharhabilu bai yi tunani ba, tsoro ya riga shi magana. Ya ce, "Waccan? Ai waccan ba ta ɗaukar mutum."

Masu riƙon igiya su huɗu suna nan tsaye, duk sun ji. Kakana ya ce tun jiya yake danne dariya, amma da ya ji maganar nan dariyar ta tafi, wani baƙin ciki ya taso masa. Ashe maigida ya sani. Ba wai bai lura ba ne, ba wai bai san igiya ba ne. Ya sani sarai, kullum safiya yana zaune a inuwa yana kallo ana zura su. Kakana ya ce masa, "Damina huɗu tana ɗaukar mu, maigida." Ya faɗa mini da bakinsa cewa a wannan lokacin shaiɗan ya zo masa, ya ce masa ja bakinka ka yi shiru, ka ce bisimilla a zura. Ya ce ya saurare shi kuwa, na ɗan lokaci.

Sai ya miƙe ya juya wurin Jaji ya ce a gaya wa Bature maigida yana da al'ada, kafin ya sauka yakan fara aika nauyinsa na ƙasa. Bature ya ce wannan ma hikima ce. Aka kwance Malam Sharhabilu, aka cika mangalar jaki da ƙasa, aka ɗaura, aka fara zurawa. Gaba ɗaya, gaba biyu. A ta uku igiyar ta rabu, ko ƙara ba ta yi ba, masu riƙo suka zube ta baya. Aka yi tsit ana jira, aka daɗe ana jira, kafin aka ji tim daga can ƙasa. Malam Sharhabilu ya sulale ya zauna a ƙasa da 'yar shararsa. Maroƙi ya kama gabansa.

Mai Lofe ya cire lofe daga baki, abin da aka ce ba a taɓa gani ba. Ya ɗauki guntun igiyar ya murza, gari ya cika masa hannu. Ya tambaya da wace igiya ake aiki kullum, tun da wannan ba ta yi wata guda a rana ba. Kakana ya tafi bayan ɗinya ya jawo tsohuwar ya shimfiɗa a gabansa. Bature ya bi ta yana taɓa ƙulli ɗaya bayan ɗaya, fuskarsa ta yi ja. Kowa ya ɗauka gidan yari za a wuce da Malam Sharhabilu, shi ma haka ya ɗauka, har ya fara kiran sunan 'ya'yansa.

Amma Baturen nan ashe ƙaryar kakana ta shige shi, ya ga ta fi dokarsa kyau. Ya ce a tsayar da aiki sai sabuwar igiya ta zo. Ya ce in ta zo, abin da aka yabi Malam Sharhabilu da shi, shi zai riƙa yi. Kowace Asabar da safe shi zai fara sauka har ƙasa, da igiyar da ma'aikata ke aiki da ita, dagaci na tsaye yana shaida. Ran da ya ƙi, ko aka ga igiya biyu a wurin aiki, a karɓe aikin a kai shi gaban alƙali. Jaji ya fassara da ƙyar, yana hararar kakana.

Bijimi na biyu ya tafi. Bayan kwana goma sha biyu raƙumi ya iso daga Kano. Wannan karon Malam Sharhabilu da kansa ya bi igiyar taki-taki yana dannawa, ya sa aka rataye ta a rana nesa da ƙasa, ya hana ko akuya ta matso.

Asabar ta zo. Dagaci ya zo da buzunsa ya zauna, ba Bature, ba maroƙi. Aka ɗaura wa Malam Sharhabilu igiya. Kwana goma sha biyun nan ko gaisuwar kakana ba ya amsawa, kowa ya san korarsa zai yi da zarar ya sami sarari. Ya tsaya a bakin rami yana duban ma'aikatansa ɗaya bayan ɗaya, su ma suna dubansa, mutanen da suka ji abin da ya faɗa. Dagaci ya ce, "Malam, wa zai tsaya maka a gaban igiya?" Ya ce, ba tare da ya ɗaga kai ba, "Ɗan'inna."

Kakana ya tofa yawu a hannu ya kama. Suka zura shi sannu a hankali, yana salati tun ana ji sosai har ya koma kamar daga wani gari. Igiya ta yi sako-sako, ya taka ƙasa. Sai kakana ya ɗaure ta a gungume, ya kakkaɓe hannu, ya ce wa 'yan uwansa ga Gaji can ta kawo fura, a zo a sha tun ba ta tsinke ba. Suka zauna a inuwar da maigida ya saba zama. Daga rami ana ta kira, "Ɗan'inna. Ɗan'inna." Suka dubi dagaci. Tsohon ya miƙa hannu a ba shi ludayi, ya ce, "Ni an ce in ga ya sauka. Ba a ce mini komai a kan fitowa ba."

Sai da suka ga ƙarshen ƙwarya. Sannan kakana ya tashi ya je ya kwanta rub da ciki a bakin rijiyar, ya leƙa.

"Maigida."

"Na'am, na'am, ku ja ni."

"Yaya ka ji igiyar? Tana ɗaukar mutum?"

"Tana ɗauka."

"Har mu?"

Iya Gaji ta ce ta matso da cikinta ta tsaya a bayansa, su huɗun ma suka matso, kowa ya kasa kunne. Can muryar ta taso daga gaba goma sha takwas, a shaƙe, ba irin wadda suka sani ba.

"Har ku."

Kakana ya miƙe ya kwance igiyar daga gungume, ya ce a ja.